Sifika a Ɗakin Inna Yelwa

Illela,
30 ga Agusta, 1987.

Zuwa ga taubashina Maharazu, mai gyaran rediyo a Agege,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Ruƙayyatu da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi mana kirki bana, gero har ya fara nuna. Inna Yelwa na nan da ƙafafunta, kunnen ne dai ya ƙara nauyi, sai ka tsaya gabanta ka ɗaga murya kafin ta ji.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, rabonmu tun ta'aziyyar Baba. Kada ka ce sai da buƙata ta taso, ko da yake gaskiya ce. Watan shara ya kama, kakata kuwa ƙanwar kakanka ce, ka san abin da ke kanka. Bana ba kuɗi nake so ba, shawara nake so.

Alhaji Yari, maƙwabcinmu da ke aiki a Jidda, ya zo gida tare da alhazai, ya kawo kaset daga Yaya Maccido, ɗan farin Inna, da ke can. Shekara tara ke nan rabonmu da muryarsa. Ka san yadda ya tafi. Ya kora shanun Inna uku, gadon ubanta, ya sayar a kasuwar Lahadi ba da saninta ba, ya yi kuɗin hanya. Tun ranar ba ta taɓa ta da maganar ba har yau. Ni da Malami ƙanena muka saurari kaset ɗin a 'yar rikodata. Maharazu, babban mutum yana kuka. Ciwon sukari ya kama shi, za a yi masa aiki a ƙafa, ba shi kuma da takardun da zai zo ya koma. Abu ɗaya yake roƙo, Inna ta ce ta yafe masa, ya ji da kunnensa. Alhaji Yari zai koma kashegarin Mauludi, in akwai amsa a hannunsa za ta tafi.

To, rikodar tawa muryar sauro gare ta, Inna ba ta ji sai an manna mata a kunne, kai kuwa ka san Inna da ɗan fari. Na gwada in isar da saƙon da bakina, ina cewa "Yaya ya ce", ta tashi ta tafi duba awaki. Don haka na yanke shawarar in sayi amfilifaya da sifika, irin mai rediyo a jiki, in jona rikodar, murya ta cika gida ta iske ta inda take. Na ɗauki adashenmu na malaman firamare, naira ɗari biyu da hamsin, iyakarta ke nan. Wace iri zan saya da ba za a cuce ni ba? Mu nan albasa da canjin sefa muka sani.

Ka ba da amsa hannun Ɗan Gwadabawa, direban motar shanun da ya kawo maka wannan. Ya fi gidan waya sauri in Allah ya kiyaye masa taya.

Ni ce taka,
Lubabatu.

*

Agege, Legas,
12 ga Satumba, 1987.

Zuwa ga baiwata Malama Lubabatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Ruƙayyatu na gaishe ki, ta ce tana nan tana jiran kilishin da kika yi mata alkawari tun kafin ta haifi na uku. Ki gaishe mini da Inna, ki ce ɗan Ikko na durƙusawa.

Labarin Maccido ya taɓa ni ƙwarai. Tare muka yi kiwon awaki a Garu, shi ya koya mini iyo a tafki. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Amma batun amfilifaya, sai da na ajiye takarda na yi dariya. Don tsohuwa ɗaya ta ji magana za ki sayi abin da ake tara gangami da shi? Anya ba Malami ne ya hure miki kunne ba? Labari ya iso mana cewa tun da aka buɗe iyaka bara, kowane ɗan kabu-kabu a Illela mafarkinsa ya buɗe gidan bidiyo. Ki yi hattara kada ki sayi kaya da sunan Inna, ki wayi gari ana kallon fim ɗin Indiya da su a bakin tasha.

Ki riƙe kuɗinki, zamanin nan naira ba ta da ƙashi. Ga sharar bana na ba Ɗan Gwadabawa a cikin kwali: abin saurare na sawa a kai, irin na ma'aikatan gidan rediyo, mai kunnuwa biyu kamar faifai. Wani Bature ya kawo gyara bai dawo ba. A gefen rikodarki akwai ɗan rami, ki soka kan wayar a ciki, ki zaunar da Inna, ki saƙala mata, ki ƙara murya. Ko kurma ne sai ya ji. Minti talatin an gama, ba ki kashe ko kwabo ba.

Na ga inda kika rubuta maganar ɗan fari. Wannan ai ta da ce, Lubabatu. Inda ake batun yanka ƙafa, wa ke ta kunya?

Naki mai ƙaunarki da arha,
Maharazu.

*

Illela,
27 ga Satumba, 1987.

Zuwa ga Maharazu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Mu ma lafiya, in ka cire abin da kwalinka ya jawo mana.

Shekara goma sha shida a Ikko ta wanke maka kai tas. Ni ma da nawa laifin, don na karanta takardarka a gaban Malami, shi kuwa ɗan auta ne, yana ganin ba abin da zai yi Inna ta ji haushi. Ran Talata da la'asar ina makaranta wajen taron malamai, ya ɗauki rikodar da kunnuwanka, ya iske Inna tsakar gida tare da Hasana matar Alhaji Yari da wasu mata biyu suna sussuka. Ya lallaɓo ta baya ya kifa mata abin a kai, ya ce, "Inna, ga Yaya Maccido zai yi magana da ke."

Hasana ta ce mini Inna ba ta bari kaset ya kai ga sallamar Yaya ba. Ta cire abin a hankali ta ɗora bisa turmi, ta ce, "Malami, mi ni yi maka? Ni ka zamnawa gaban mutane in kashe kunne ina sauraren wancan? Ku bari ƙasa ta ruhe min ido tukuna." Da asuba ta ɗaure ƙullinta ta bi motar Tozai, gidan ƙanenta. Yau kwana biyar.

Bari in tuna maka abin da ka manta. Inna ɗiyar Fulanin Tozai ce. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, "wancan" take cewa. Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Kaka ce ta goye shi, kuma an ce lokacin da ya yi ƙyanda, ta bayan danga Inna ke leƙensa, in ta ji motsin mutum ta yi kamar tana tsintar kara. Ba ƙinsa take yi ba, ta fi mu duka son ta ji. So take ta ji ba a ga tana ji ba. Shi ya sa na ce amfilifaya. Gidan bidiyo kuwa, Allah ya shirye ka.

Na zagaya da kaina, ga abin da na gani. A Konni, ƙetaren iyaka, ran Laraba, akwai wata sabuwa fil a shagon wani mai kayan Kwatano, faɗinta ya kai akwatin aure, fitilu ja da kore suna tsalle in ana kiɗa, an rubuta ƙarfinta wat dubu ɗaya a gabanta da ruwan zinari. Ya sa mana waƙar Indiya har kwanon shago na rawa. Da ƙyar ya sauko daidai abin da ke hannuna, ba ragowar ko kuɗin waya. Malami ya mutu a kanta. A kasuwarmu kuma wani ya kawo wata ta hannu, kyakkyawa, ya ce daga Amirka, ɗari da ashirin kacal, amma bai yarda a kunna ba, wai ba wuta a rumfarsa. Sai wata tsohuwa a wurin wani dattijo mai gyara a Konni, jikin katako, da tabon sigari a samanta, maɓalli ɗaya ma na aro ne. Ɗari da tamanin da ƙananan sifiku biyu. Ɗaga ta na yi niyya, sai da na sa hannu biyu. Malami ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya ɗora ta a babur ɗinsa.

Wace zan ɗauka? Wannan karon ka karanta takardar har ƙarshe kafin ka yi dariya.

Lubabatu.

*

Illela,
11 ga Oktoba, 1987.

Maharazu,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. In fushi ka yi don na ce Ikko ta wanke maka kai, to ban janye ba, amma ba da ni za ka yi fushi ba yanzu. Saura kwana ashirin da biyar Alhaji Yari ya tafi. Lahadi biyu ina zuwa tashar shanu, ba Ɗan Gwadabawa ba labarinsa, har masu lodi sun fara yi mini kallon mai bin miji. Wannan ta gidan waya na aiko.

Inna ta dawo daga Tozai, ta rame. Sai shekaranjiya tana tankaɗe ta ce, ba ta dube ni ba, "Alhajin maƙwabta, yaushe za shi koma?" Na faɗa mata. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tankaɗe. Na shiga ɗaki na yi kuka.

In ban ji daga gare ka ba, Larabar sama zan bi Malami mu ɗauko mai fitilun. Ko banza tana da ƙara.

Lubabatu.

*

Agege, Legas,
4 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga 'yar'uwata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai kunyar da ta ishe ni. Ruƙayyatu ta karanta takardarki ta ce mini, "Kai da uwarka ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta Yaya Hadijatu ba, kai ne za ka ce ta da ce?" Ta yi gaskiya. Ki ba Inna haƙuri a madadina, in akwai hanyar da za a ba ta ba tare da an ta da maganar ba.

Yanzu ga aikina, a nan ba na kuskure. Ta Amirka, ki bar ta inda take. Wutarsu rabin tamu ce. Ki juya bayanta, in kin ga 110 ba 220 ba, kina jonawa za ta yi tus, ta yi hayaƙi. Mai ita ya sani, shi ya sa rumfarsa ba wuta.

Mai fitilu kuwa, irinta goma sha ke jibge a shagona. Wat dubun nan fenti ne. Ki sa Malami ya ɗaga ta, zai ji ta sakayau, don kwali ce da iska. An yi ta don ganga ta girgiza ciki, muryar mutum kuwa sai ta fito kamar ana magana cikin tulu. Kunnen tsofaffi ba ƙara ya rasa ba, bakin kalma ya rasa. In kin ƙara masa ruri, ruri kawai zai ji.

Akwai kuma abin da ke da ni ba mu yi tunani ba. In kika cika gida da murya har ta kai ɗakin Inna, ta kai gidan Alhaji Yari, ta kai masallacin unguwa. Duk Illela za ta ji Maccido na kuka yana ambaton shanu, kowa kuma ya san wa ake yi wa. Tozai za ta koma, wannan karon sai da rani.

Ki koma wurin dattijon nan. Nauyin da kika ji, shi ne kuɗinki, tagulla ce da ƙarfe a ciki. Ki tafi da rikodarki da kaset na wa'azi, ba na kiɗa ba, ki ce ya jona, ki koma bakin ƙofa ki ji ko kalma na fita ɗaya bayan ɗaya. Ki taɓa samanta bayan rabin awa, ɗumi ba laifi, zafi ne laifi. Sai ki duba gabanta ko akwai maɓalli mai A da B. In akwai, ki biya kada ki tsaya dogon ciniki. Ma'anarsa tana ɗaukar sifika a wuri biyu, ki kashe na nan ki kunna na can.

Da canjin ki sayi waya yadi talatin. Amfilifayar ta zauna ɗakinki, sifika ɗaya a ɗakin Inna, daidai kan gadonta. Ba ƙara ake so ba, kusa ake so. Ki rage maɓallin kauri, ki ƙara na sirantar murya. Ki ce don ta riƙa jin karatu da sanarwar rasuwa a Rediyon Rima ne, ki bar ta ta saba. Sauran ke kika fi ni sani, na yarda.

Naki,
Maharazu.

*

Illela,
8 ga Nuwamba, 1987.

Zuwa ga taubashina Maharazu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Ruƙayyatu, wadda ta fi ka hankali nesa ba kusa ba. Kilishinta na hannun Ɗan Gwadabawa. Mu nan lafiya lau, an gama girbi, rumbu ya cika.

Ka yafe mini takardata ta fushi. Ashe motar ce ta karye a Kwantagora, Ɗan Gwadabawa ya yi kwana goma sha ɗaya a can da amsarka a aljihu. Ranar Lahadi ta iso, saura kwana uku mu ɗauko mai fitilu. Malami ya ɗaga ta a shagon kamar yadda ka ce, ya kusa jefa ta rufi don ya zaci nauyi. Daga nan ya haƙura da ita. Ta dattijo tana da A da B, tana da 220, ga rediyo a jiki, malamin wa'azi kuma ya fito tar kamar yana tsaye a shagon. Malami ya ɗaure ta a bayan babur ya lulluɓe da buhu, wai don ƙura, ni dai na san don abokansa ne. A bakin iyaka ma'aikaci ya buɗe buhun ya dube ta, ya ce mu wuce, Allah ya ba mu haƙuri.

Da muka rataye sifikar, Inna ta ce, "Mi na na kuma kunka jawo min?" Na ce karatu ne. Kwana uku tana gunaguni, ran na huɗu aka yi sanarwar rasuwar wata ƙawarta ta Gwadabawa, ta ji da kanta ba wanda ya yi mata ihu. Daga ranar, in an makara kunnawa sai ta yi gyaran murya.

Lahadin da ta wuce na zaɓa, don ranar kasuwa unguwarmu ko kaza tafiya take. Na tura Malami da matarsa da yara. Na ce wa Inna ni ma na tafi, sai azahar. Tana ɗaki tana tsintar wake. Na shiga nawa ɗakin, na murɗa B, na danna kaset, na fito na gilma ta ƙofarta don ta ga fitata. A zaure na zauna, na sa sakata, ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Daga can ko tari ba ka ji, aikinka ya yi kyau. Ina jiran in ga ta fito da ƙulli, ba ta fito ba.

Da azahar na shiga da sallama. Wake na nan a faifai yadda na bar shi, ko rabi ba ta tsince ba. Ta ce, "Kin samo gishiri?" Na ce na manta. Ta ce, "Malamar banza." Shi ke nan.

Litinin shiru. Talata shiru. Alhaji Yari na ta ɗaurin kaya, Hasana na aiko tambaya ko akwai saƙo. Na fid da rai, har na fara tsara ƙaryar da zan rubuta wa Yaya. Ran Laraba da hantsi, ana ta hidimar Mauludi, Inna ta tsaya ƙofar ɗakina ta nuna rikodar da haɓa, ta ce, "Wanga abu naku, hwaɗi kawai shi kai, ko shina ɗaukar magana? Ina son in gai da Jamilatu da ɗiyanta." Jamilatu matar Yaya ce. Na sa sabon kaset, na danna mata, na fita na ja ƙofa.

Na saurara kafin in kai wa Alhaji, Allah ya yafe mini. Ta gai da Jamilatu, ta gai da jikoki ɗaya ɗaya da sunansu, ashe duk ta riƙe. Ta ba da labarin damina, da akuyar da ta haifi uku, da tsadar goro. Minti ashirin ba ta ko doshi maganar ba, ni kuwa ina ta cizon yatsa. Har na zaci ta gama. Can ta ce:

"Jamilatu, ki hwaɗa ma maigidanki, shanu dai, farin da anka yi shekara ukku da sunka wuce bai bar ma kowa ko ɗaya ba. Na ƙanena talatin, duk sun hwaɗi. Da ya bar su, da ungulu ta ci. Shi aƙalla sun kai shi ɗakin Allah. Ba ni riƙe da shi da komi. Na yahe, duniya da lahira. Shi bari a yi mai aikin, shi bar kuka, shi ba yaro na ba."

Maharazu, na zauna a ƙasa na rungume rikodar. Wani dutse da na ɗauka tun watan shara ya sauka daga ƙirjina. Alhaji Yari ya tafi ran Alhamis da kaset ɗin a aljihun gaba, na sa shi ya rantse ba zai sa a jaka ba.

Sharar bana ta biya, ban bin ka ta baɗi.

Taka har kullum,
Lubabatu.

Af, na manta. Yau da safe ina zaune ina rubuta maka wannan, Malami da iyalinsa sun fita, Inna ta leƙo sau biyu. A na uku ta ce, "Ke ba ki zuwa kasuwa yau?" Na ce ba abin da zan saya. Ta ce, "To ki tai ki gano tsadar albasa. Kada ki yi gaugawar dawowa." Bari in danna mata kaset ɗin Yaya in tafi.